Na Ɓoye Wa Mijina Rasuwar Amininsa

A lokacin da abin ya faru, ni mace ce mai ganin duk duniya babu wanda ya fi ta sanin abin da ya dace da mijinta. Shekara ashirin da shida muna tare a Gashuwa, na san tarinsa, na san takunsa, kuma ba na shawara da kowa a kansa. Alhaji dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, Babarbare mai surutu da son dariya. Yana da amini, wani Bafulatani daga wajen Jakusko, wanda duk ranar kasuwa sai ya biyo gidanmu da ƙwaryar kindirmo. Tun daga zaure za ka ji yana tambaya ko bawansa ya tashi, Alhaji kuma ya amsa cewa yaushe bawa ya fara kiran ubangidansa bawa. Kun dai san wasan Fulani da Barebari.

Wata safiya Alhaji ya dafe ƙirji a tsakar gida ya durƙushe. Muka kwashe shi zuwa asibiti a Nguru, aka ce ciwon zuciya ne, ya yi kwana goma sha ɗaya a kwance. Aminin nan ya zo dubiya, ya tsaya a kansa ya ce shi bai taɓa sanin Babarbare yana da zuciya ba, balle har ta yi ciwo. Alhaji ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na haɗe rai, na bi bawan Allah har baranda na ce masa wasa ya ƙare, ya bar mini mijina ya huta. Ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Da za a sallame mu, likita ya ce a rage gishiri da maiƙo, a riƙa shan magani, ya riƙa 'yar tafiya kullum yana ƙarawa a hankali, kuma a kiyaye masa tashin hankali. Wannan ta ƙarshen ita na riƙe da hannu biyu. Na karɓe wayarsa, na hana 'yan kara wuce zaure. Bayan mako uku aka aiko cewa amininsa ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Na tara yara na ce duk wanda ya bari babansu ya ji, ni da shi ne. Na gaya wa Alhaji cewa mutumin ya bi shanu kudu.

Duk ranar kasuwa sai ya sa a kai masa kujera kusa da ƙofa, ya zauna yana kasa kunne. Tun yana tambaya har ya daina. Daga nan ya daina tafiyar safe, tuwo sai ya taɓa ya ture, magani sai na yi da gaske. Wata rana ya ce da ni ya gane yanzu, mutum idan ya zama ba shi da amfani ko amininsa gudunsa yake yi. Na ji maganar har cikin raina, amma na ci gaba da ɓoye masa, ina ganin ceton ransa nake yi.

Wata huɗu muna haka. Da muka koma Nguru, likita ya ga ya rame, numfashinsa bai ƙaru ba. Ya ja ni gefe ya tambaye ni da wa Alhaji yake hira, yaushe rabonsa da dariya. Sai kawai na fashe da kuka na faɗi komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kaɗaici da ƙunci suna cin mai ciwon zuciya kamar yadda gishiri yake cinsa, kuma wanda ransa ba daɗi ba zai tashi ya yi tafiyar da za ta ƙarfafa shi ba. A gabansa na gaya wa Alhaji. Bai faɗi ba, bai suma ba. Ya yi salati, ya yi kuka sosai, sannan ya dube ni ya ce wata huɗu na bar shi yana riƙe da mutumin da ke kabari, alhali marigayin addu'arsa yake jira. Har yau ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo.

Da izinin likita muka shiga mota zuwa Jakusko gaisuwa. Matar marigayin ta shiga ɗaki ta fito da sandarsa ta kiwo. Ta ce yana kwance ya bar wasiyya a bai wa bawan nan nasa na Gashuwa, ya daina ragwanci ya tashi ya yi tafiya. Alhaji ya rungume sandar yana dariya yana hawaye.

'Yan uwana mata, da duk mai jinyar mai ciwon zuciya, kada tsoro ya sa ku raba shi da mutanensa. Idan labari mai nauyi ya zo, ku nemi likita ya nuna muku yadda za a faɗa, kada ku yanke hukunci ku kaɗai kamar yadda na yi. Alhaji ya yafe mini, ƙibarsa ta dawo, surutunsa ma ya dawo har ya fi na da. Yanzu kullum da safe yakan taka har kara da sandar nan a hannu. Ni kuma idan na ga fitarsa, sai in yi wa mai sandar addu'a, in nemi gafarar da ban samu na nema ba yana raye.