Ranar da na raka Inna ganin yayanta

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar wancan ɓangaren iyaka ce. A wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife ta, aure ya kawo ta Daddara, nan kusa da Jibiya. Tun tasowata ban taɓa ganin ta ɗauki iyakar Jibiya da wani nauyi ba. In an yi haihuwa ko rasuwa a gidansu, mayafi kawai take yafawa ta shiga mota, washegari ta dawo mana da kilishi.

Sai aka yi juyin mulki a can, aka rufe iyaka wata da watanni. Da aka buɗe, ba mu gama murna ba sai ga labari cewa ƙasarsu Inna ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, wadda saboda ita ne muke shige da fice ba wata wahala. Jita-jita ta cika kasuwa. Wasu na cewa daga yanzu sai da fasfo, wasu na cewa har biza za a nema kamar mai zuwa Makka.

Ana cikin haka Kawu, yayan Inna, ya tashi daga doguwar jinya wadda ta taɓa masa ido. Ya aiko da saƙon murya a waya cewa yana son ganin ƙanwarsa. Inna ta saurari saƙon ta sake saurara. Ni malamar firamare ce, don haka na jira Asabar, na ce ta shirya mu gwada.

A tasha muka shiga wata tsohuwar mota. Direban dattijo ne mai son labaran duniya, rediyonsa a kunne. Shirin da ake yi a kan wasu ƙasashe ne can Turai da ke neman shiga ƙungiyar maƙwabtansu. Mai bayani ya ce ba nema kawai ake yi a shiga ba. Sai ƙasa ta gyara kotunanta yadda alƙali ba zai ji tsoron mai mulki ba, ta nuna da gaske take yaƙi da cin hanci, ta daidaita dokokin ciniki da na haraji su yi daidai da na sauran. Har yadda ake yanka dabba da adana madara sai an duba. Bayan duk wannan, in ƙasa ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce ba ta yarda ba, magana ta tsaya. Ya ce akwai waɗanda suke jira tun yaransu na goye, yanzu yaran sun yi aure.

Na zaci Inna ba ta saurare. Sai na ji ta taɓa kafaɗar kujerar direba.

"Malam, wannan ƙungiyar irin tamu ce?"

"Kusan haka, Hajiya. Tasu dai ta fi tsauri."

"To in namu suka ce za su dawo, su ma sai sun yi duk wannan?"

Direba ya ɗaga kafaɗa. "Allah ne masani. Amma dai ba a cika dawowa da sauƙi ba."

Inna ta juyo gare ni, tana jiran in ce ba haka ba ne, tunda ni ce mai boko a gidan. Ban san amsar ba, kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Can ta ɗora mini ƙullin da ta riƙo, man shanu ne da dakakken yaji.

"In sun tsai da ni, ke ki roƙe su ki wuce. Ki ce ma kawunki na zo har bakin hanya."

A ɓangarenmu ba a daɗe ba. Jami'i ya duba katinmu na ɗan ƙasa ya ce mu wuce. Tsakanin shingen namu da nasu kuwa, Inna tana jan carbi, ni ina kallon manyan motoci da suka yi layi a gefen titi.

A nasu shingen aka ce kowa ya sauko. Jandarman da ya karɓi katin Inna dogo ne, fuskarsa ba fara'a. Ya juya katin, ya dube ta.

"Ina za ki, Inna?"

Ta faɗi sunan ƙauyensu. Ba a tambaye ta ba ta ƙara da cewa a can aka yanke mata cibi, yayanta ne ba lafiya, kuma ba ta da fasfo.

"Wa ya ce miki hwasfo?" Ya miƙa mata katin. "Manya ne suka rabu. Mu dai an ce mutane su ci gaba da wucewa kafin su gama maganarsu. Allah shi ba shi lafiya."

Inna ta tsaya riƙe da kati kamar ba ta fahimta ba. Sai da na ja hannunta. Da muka koma mota ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ban san kuka take ko dariya ba. Ni dai wannan "kafin su gama maganarsu" ta ɗan tsaya mini a rai. Direba ya kashe rediyo ya sa mana waƙa.

Mun iske Kawu zaune a gindin dalbejiya a ƙofar gida, ya rame ƙwarai. Kafin Inna ta gama sallama ya ɗago kai.

"Wannan muryar ai na san ta. Sai yanzu kika ga dama?"

"Kai da ka ƙi mutuwa sai ka wahalar da ni," in ji Inna, ta durƙusa gabansa.

Ya lalubo fuskarta da hannu biyu, ya ce ta yi ƙiba, wato ba ta damu da ciwonsa ba ke nan. Nan suka shiga gardama kamar yara, har matarsa ta fito da fura ta raba su. Na sha na ƙoshi, na jingina da bango, barci ya kwashe ni da tsakar rana, su kuwa suna ta hirarsu.