Bangon da Na Yaɓe

Da za a ba ni damar komawa baya in gyara abu ɗaya, da yaɓen bango ɗaya zan fasa, da ƙaryar da ta biyo bayansa. Na tsufa, amma abin bai tsufa a zuciyata ba.

Muna yara a ƙauyenmu da ke kusa da Gezawa, kakarmu Iya Abu takan hura wutar kara a ɗakinta lokacin sanyi, bayan sallar isha'i. Ni da yayana Ado mukan zauna dab da murhu, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuma tana ɓare gyaɗa. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Akwai guda ɗaya da idan za ta faɗe ta sai ta ture kwanon gyaɗar gefe, ta rage murya.

Wani madugu ne, in ji ta, mai kai ayari ta cikin sahara. Yana da igiya da yake ƙullawa: kowane kwana tsakanin rijiya da rijiya, ƙulli ɗaya. Da ya rasu, ɗansa ya gaji ayarin. Wata rana igiyar guga ta gaza, sai ya kwance ƙulle-ƙullen uban ya ƙara da ita, ya ce ai duk yana kansa. A hanyar dawowa ya juya akalar ayarin kwana ɗaya kafin lokaci. Mutanensa suka tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Da ya gane ya ɓata bai faɗa ba, ya ci gaba da jan su.

Nan Iya takan tsaya. Ado ya taɓa tambayarta ko sun sami ruwa.

"Wa ya ce maka sun tsaya?" ta ce. "Har yanzu tafiya suke, ɗan nan. Matso da karan can."

Ranar ba wanda ya nemi a ƙara wata.

Muka girma. Ado ya sayi tsohuwar a-kori-kura da ta girmi 'ya'yansa, yana ɗaukar buhuna zuwa kasuwanni. Shekarun nan ne da kayan gyara suka yi wuya, sabuwar taya sai dai ka ji labarinta. A gida muke gyara, a rumfar bayan gida. Motar ta taɓa yin karo kafin ta zo hannunsa, ƙashinta ya ɗan karkace, don haka hagu da dama ba su taɓa zama daidai ba. Ado ya shafe watanni yana gwaji da zare, yana ja daga tayar baya zuwa ta gaba, har ya gano abin da take so: murɗi nawa a tayarod na hagu, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, nawa a na dama, falle nawa ya ƙara a sifirin ɗin baya. Duk abin da ya canza sai ya zana da gawayi a bangon rumfar, layi-layi.

Wata bazara ya kwanta da shawara. Ni kuma na ga hadari ya fara haɗuwa, na kwaɓa ƙasa na yaɓe katangar gida gaba ɗaya, har da bangon rumfa. Sai da ya bushe na tuna. Na ce wa kaina ai na haddace.

Makon nan na canza kawunan tayarod da na gwanjo. Da na zo ɗaurawa, sai lissafin ya gudu. Na yi musu murɗi daidai da juna, ban ja zare ba. Daga kan tabarmarsa Ado ya tambaye ni ko na bi na bango. Na ce na bi.

Ni na riƙa tuƙa ta kafin ya warke. Tana ja hagu, ina riƙe ta da ƙarfi. Kowace safiya nakan shafa cikin tayar gaba in ji ta ƙara sulɓi, har waya ta fara sukar yatsana. Da na faɗa, da ƙaryata ta fito. Na yi shiru, ina cewa gobe.

Ran kasuwar Gezawa ya tashi da ƙwarinsa, ya karɓi makulli. Buhunan gero ya ɗauka. Tayar ta fashe a gangare, motar ta kife a kansa. An ceci ransa, ba a ceci ƙafarsa ta dama ba.

Da aka sallamo shi, ya ce a kai shi rumfa ya sha iska. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Sani," ya ce, "yaɓen nan ya yi kyau."

Bai ƙara ta da maganar ba, har ya bar duniya. Ni ma ban ce komai ba.

Da ina yaro na ɗauka laifin ɗan madugu mantuwa ce. Sai da na manyanta na gane kowa yana mantuwa. Laifin shi ne a tambaye ka, ka ce ka tabbata.

Ina roƙon duk mai gyaran tsohuwar mota a gida: kafin ka kwance ƙarfe, ƙirga ka rubuta a takarda, ka ajiye inda ruwa da yaɓe ba sa kaiwa. Idan rubutun ya ɓata, buɗe baki ka faɗa tun mai motar yana da ƙafafunsa biyu. Don Allah kada ku yi abin da na yi.