Yadda Jaki Ya Samu Taki a Batsari

Lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, na samu aikin akawu a wani ƙaramin ofishin gona a Batsari, ina cike wa manoma takardar neman taki. Maigidana a ofis ya yi kwas ɗin kwamfuta a Turai. Mu ba mu da kwamfuta, sai ya tsara ni kamar ita. Kowace takarda tambaya uku zan yi mata, amsar kuma e ko a'a. Shekarun mai ita lamba ne? Ƙauyensa ɗaya ne? An faɗi yawan shanunsa? Wadda ta tsallake duka sai kwandon dama. Wadda ta faɗi sai na hagu, da 'yar takardar dalili a maƙale. Ba a gyarawa, ba a yagawa, kuma da an samu a'a ta farko an tsaya.

Wata ran kasuwa wani dattijon Bafulatani ya zo a kan jakinsa. Na tambayi shekarunsa, ya ce shekarar fara aka haife shi. Hagu. Mako ya zagayo ya dawo da saba'in, wai limaminsu ne ya kintata masa. Sai ƙauye: damina a Runka, rani a Yasore. Hagu kuma. Zuwa na uku ya zaɓi Yasore. Da na tambayi yawan shanu, ya ce ko kakansa bai taɓa ƙirga su a gaban mutane ba.

"Ɗana, me ya hana ka faɗa mini laifuffukana duka tun ranar farko?"

Na ce, "Baffa, doka ce."

Ya nuna jakin ta taga, ya ce in gwada shi. Shekararsa bakwai, a gabansa aka haife shi. Rani da damina a Yasore yake, gidan ƙanen dattijon. Shanu kuwa sifiri. Na cike wa jakin takarda, na kai wa maigida ina jiran ya yi dariya. Ya karanta sau biyu, ya ce babu tambayar da ta ce sai mutum, ya jefa ta dama da hannunsa.

Buhu biyu jakin ya samu, shi ya ɗauki abinsa zuwa gida.

Bayan nan maigida ya yarda a riƙa tara dalilai duka a takarda guda, ya kuma ƙara tambaya ta huɗu. Ita ta fi ba ni kunya, don sai in dubi magidanci da gemunsa in tambaye shi ko shi mutum ne. Wani daga ƙauyen Darini ya ce kada ya amsa abin gwamnati da garaje, bari ya je ya yi shawara da wansa tukuna.