Taswirar Kawu a Fatar Akuya

Kawu wan mahaifiyata ne, Bagobiri, kuma farke ne tun yana saurayi. Da jakuna ya yi fataucinsa, yana kai gishiri da kanwa kudu, yana dawowa da goro da tufafi. Ba hanyar da bai taka ba tsakanin Azbin da Katsina. Da ya manyanta hakiya ta rufe masa ido, ɗaya bayan ɗaya, sai ya sayar da jakunan ya shige ɗaki a gidansa na Dakoro. Shekara biyu bai fito ko ƙofar gida ba. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, takan kai masa fura ta dawo da rabinta. In an gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya. Muna ganinsa yana ƙarewa, ba wanda ya san abin yi.

Ni a lokacin magidanci ne, ina rubuta wa mutane wasiƙa da damandi a gindin wata bishiyar bedi kusa da biro, wato ofishin hukuma. Damandi ita ce takardar roƙo da ake kai wa hukuma. Na yi lakwal, wato makarantar boko, aji shida, na faɗi jarrabawar sartifika sau biyu, ba don ban san amsa ba. Nakan rubuta, in goge, in sake, har a karɓe takarda. Haka Allah ya yi ni. Nakan koma gida daga rabin hanya don in duba ko na rufe ƙofar da na san na rufe.

Bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu, na je gaida Kawu. Don dai kada mu zauna shiru, na ba shi labarin tutar, da taswirar ƙasa da ke rataye a bangon lakwal.

"Birnin Lalle na ciki?" ya tambaye ni.

Na ce ban gani ba. Wataƙila ƙanƙanta ta yi wa masu zanen yawa.

Ya tashi zaune. Rabon da in ga ya tashi da sauri haka har na manta.

"Garin da sarakunan Gobir sunka zamna? Shi ne ƙarami? To da ba su tashi ba hwa, ɗan lakwal? Da sun yi zamansu nan, wa za a rasa cikin takarda?"

Ya sa na kama hannunsa muka fito tsakar gida. Ya durƙusa, ya share rairayi da tafin hannu, ya fara ja da yatsa. A ranar ya shanye furarsa.

Daga nan aikin ya samo asali. Takarda ba ta da amfani ga makaho, don haka na sayo jemammiyar fatar jar akuya. Kawu zai zana a ƙasa, ni in kwafa a fatar da tawada, Inna ta bi da allura don yatsunsa su gani. Gulbi da igiya mai kauri take yi, hanya da zare siriri, iyaka da jijiya. Ƙauye ƙulli ɗaya, birni a ɗinka masa wuri irin na kuɗin dā. Kullum bayan la'asar, in na naɗe tabarmata, can nake nufa.

A duniyar Kawu, Gobirawa ba su bar Birnin Lalle ba. Sun haƙe kwarin Tarka har ruwa ya dawo, ana shiga jirgi daga Korahane. Tunda ba su gangara kudu ba, ba a yi yaƙin da ya tarwatsa su ba. Katsinawa ma ba wanda ya kore su daga birninsu, saboda haka Maraɗi daji ce, sai giwaye. Nasara sun zo, sun tsaya a bakin iyaka, sun sayar da sabulu da madubi sun koma.

Mahaifina Bakatsinen Maraɗi ne, sai abin ya dame ni.

"To Kawu, ni a ina za a haife ni?"

"Ba a haihe ka ba. Mun huta da tambaya."

Inna ta yi dariya har ta soke yatsa.

Tutoci sun zo daga baya. Kowace masarauta da tata, faɗin tafin hannu, a ɗaure a tsinken kara. Launi bai dami Kawu ba, taɓi yake so. Ta Gobir saƙi ce mai kaushi, an ɗinka mata tsage irin na kumatunsa. Ta Azbin turkuɗi ce mai santsi, in ya shafa ta shuni ya kama masa yatsa, Inna ta yi ta faɗa don ya goge a riga. Ya ba Fulani ƙasa tasu a arewa, ya ce tutarsu bezar wutsiyar saniya ce kawai, domin ba za su tsaya jiran tela ba. Sun yi sati shi da Inna suna gardama kan ta Katsina. Ita tana so a sa zaren alharini, shi ya ce alawayyo ya ishe su.

Masarautun ba a tsaye suke ba. Yau a yi yaƙi, gobe a yi sulhu da aure. In wata ta ci ƙasar wata, Inna ta warware jijiyar ta matsar da ita. Hujin tsohuwar iyakar yakan zauna a fatar, kuma Kawu ya hana a toshe. Yakan bi hujin da farce yana faɗin wanda ya ci da wanda ya gudu, da shekarar da aka yi fari, kamar yana wurin.

Ni kuwa ban taɓa samun natsuwa ba. Na tambaye shi ko ba ƙarya muke shiryawa ba.

"Ƙarya ita ce ka ce an yi," in ji shi. "Ni cewa nike da an yi. Zana mini rijiya nan."

Duk da haka sai da na je wurin liman na tambaya. Ya ce in dai ba surar mai rai ba ce, bai ga laifi ba. Na fito, na koma na tambaye shi batun tutar wutsiya.

Shekara uku muka yi a haka. Kawu ya yi ƙiba. Ya fara zuwa masallaci da sanda, maƙwabta suna shigowa jin inda yaƙi ya tsaya.

Sai shekarar kame-kame ta zo. Ba zan shiga zancen siyasar ba, ban fahimce ta ba a lokacin, yanzu ma haka. Abin da na sani, an riƙa cewa jandarma na shiga gidaje neman takardu, kuma an tafi da wasu saboda abin da aka samu a ɗakunansu. Ba wanda ya zo gidan Kawu. Ba wanda ya ko ambace shi. Amma ni na daina cin abinci sosai. Ga taswira babu iyakar ƙasarmu a ciki, ga tutoci takwas ba ɗaya ta gwamnati, ga rubutun faransanci da hannuna a gefen kowane birni. In aka tambaye ni me zan ce?

Na roƙi Kawu mu ɓoye ta cikin rumbu.

"Don gara ta ci? Wa za ya kama makaho da hwatar akuya?"

Abu ɗaya na iya a duniya. Duk matsalar da aka kawo mini gindin bedi, damandi nake mata. Na zauna na rubuta, na sake har sau biyar: ina roƙon izinin ajiye taswirar wasa ta wani tsoho marar gani, wadda ba ta nufin kowa da sharri. Na manna tambur, wato kan sarki. Tunanina shi ne a buga mata hatimi a baya, kowa ya zo mu nuna masa.

Ran nan da safe aka ja Kawu zuwa suna a maƙwabta, Inna tana can wurin mata. Na shiga na naɗe fatar da tutocin, na nufi biro. Na yi niyyar mayar da su kafin a watse.

Kwammi, wato akawun da ke karɓar takardu a biro, Bazabarme ne, abokin wasan Gobirawa, mun saba. Ya shimfiɗa fatar a tebur, na yi masa bayani, ya yi dariya har da hawaye.

"Bagobiri ke nan! Ya rasa ƙasa a ƙasa ya je ya yi ta a bayan akuya. Ina ya sa mu, iyayen gidansa?"

Na nuna masa can gefe, wajen ƙafar baya.

"Ka ce wa bawan nan nawa zan zo in karɓi haraji." Ya share ido, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Yanzu naɗe kayanka ka tafi gida. Ban ga komai ba."

"Ai kun gani, yallaɓai."

"Na ce ban gani ba."

"In an tambaye ni ko hukuma ta sani, me zan ce? A rubuce nake so."

Ya daɗe yana kallona. "Malam, ka san aikin nan kamar yadda na san shi. In na shigar da damandinka a littafi, ba ni da ikon amsa ta. Sama za ta tafi, ita da abin da ke tare da ita. Ka ji ni?"

Na ji shi. Wannan ne abin da ba na iya kaucewa in na tuna. Ya faɗa mini sau biyu, da hausa. Amma a raina na ga cewa in na fita da ita yanzu, na zama wanda ya nuna wa hukuma abu sannan ya ɓoye. Na ce ya shigar. Ya girgiza kai, ya rubuta, ya buga hatimi, ya yago mini ƴar takardar shaida. Bayan kwana biyu motar wasiƙu ta tafi da fatar zuwa Maraɗi.

A ranar da na miƙa ta, da na koma, na tarar da Kawu zaune a tabarma yana lalube bayan randa, inda muke jingine ta. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Na sa masa takardar shaidar a hannu. Ya shafa ta gaba da baya.

"Ba komi jikinta," ya ce.

"Akwai rubutu, Kawu. Da hatimi."

"An zo nemanta?"

"A'a."

"Wani ya kai ƙara?"

"A'a."

"Kai ka kai ta. Da ƙahwarka."

Na ce e. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga sanda. Ya miƙo mini takardar, ya ce wa Inna ta kai shi ɗaki.

Na rubuta damandi uku ina roƙon a dawo da ita. Na hau mota na je Maraɗi, na yi kwana huɗu ina bin ƙofofi. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Wani ya ce ya ji labarin wata fata, wani ya ce in duba wancan ɗakin, mai makullin ɗakin kuma ya yi tafiya. Ba a kama kowa ba, ba a kira ni ba, amsa ba ta zo ba.

Da na dawo na sayi wata fatar, wadda ta fi ta farko kyau. Na zauna a gidana na zana duk abin da na tuna. Inna ta riƙa zuwa a ɓoye tana ɗinkawa, ga shi idonta ita ma ya fara rauni. Wata biyu muka yi. A lokacin Kawu ya koma barin fura, maƙwabta sun daina shigowa.

Muka kai masa ita ɗaki. Ya ɗora a cinya, ya sa hannu biyu. Ya sami Birnin Lalle, ya bi gulbi, ya tsaya.

"Daga nan zuwa nan kwana huɗu ne da jaki. Ka maishe shi biyu."

Gaskiyarsa. Hannuna ya bi awon taswirar lakwal ban sani ba. Ya ci gaba da shafawa, a hankali, har gefe. Na ga farcensa yana neman wani abu a tsakanin iyakokin, inda fatar take sumul.

"Waɗannan mutanen ba su taɓa yin komi ba," ya ce. "Jiya anka haihe su."

"Mu sake, Kawu. Ku fito ku zana a ƙasa, ni in kwafa. Duk yadda kuka ce."

"Shekara uku. Kana da su, ni ba ni da su." Ya naɗe fatar da kyau, ya miƙa wa Inna. "Da ka bar ta yadda take, da ta yi guga. Yanzu ko ruwa ba ta riƙewa."

Inna ta fita da ita tana share hawaye da gefen zane. Ni na zauna. Can ya tambaye ni ko yarana lafiya, ko an yi shuka wajen Ajekoriya. Na amsa. Ya ce in gaida gida.

Na ci gaba da zuwa kullum bayan la'asar. Bai taɓa hana ni shiga ba, bai kuma sake ce mini ɗan lakwal ba. Malam yake ce mini, kamar yadda masu kawo wasiƙa suke ce mini. Mukan gaisa, in faɗa masa abin da na gani a kasuwa, ya ce madalla. Ya rasu da kaka, kafin a gama yankan hatsi.

Kwana uku kafin rasuwarsa na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa, don Kawu ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Na ce ya sake faɗa in ji.

"Na yahe, Malam," ya ce. "Sai dai ba ni da hatimi."