Bangon Nabeshima

Tokuji Urabe ɗan masunci ne daga wani ƙauyen bakin teku. Ya shigo birnin Osaka da burin buga besbol, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, a gaban jama'a, amma bai taɓa samun shiga babban fili ba. Da ƙuruciya ta fara wucewa sai ƙungiyar ta ba shi aiki a rumfar atisaye: ya tsuguna, mai jifa ya yi ta jefo masa ƙwallo har hannunsa ya ɗumama. Masu wannan aiki bango ake ce musu.

Bangon Nabeshima ne shi, babban mai jifan ƙungiyar, kuma duk garin babu yaron da bai san Nabeshima ba. Idan alƙalin wasa ya yanke hukuncin da bai masa ba, ido kawai zai zuba masa, jifa na gaba hukunci ya sauya. Koci Shimazaki kansa sai ya gyara murya kafin ya yi masa magana.

Aikin bango ba cafe ƙwallo kaɗai ba ne. Ana so safar hannu ta fata da yake cafewa da ita ta yi ƙara kamar an harba bindiga, mai jifa ya ji zuciyarsa ta cika. Don haka Urabe ya zare audugar cikin safarsa, yana karɓar ƙwallon da tushen ɗan yatsa, yana cewa, "Ta yi kyau." Yatsan ya kumbura, ya karkace, daga baya ya daina jin zafi ko sanyi.

"Tsoho, yau bangon laka ne?" Nabeshima yakan ce. "Ban ji komai ba."

"Yi haƙuri, Nabeshima-san. Sake jefowa."

Urabe ya girme shi nesa, amma shi ke sunkuyar da kai, shi ke ƙara wa suna "san" na girmamawa.

A wata bazara ƙwallon Nabeshima ta fara isowa babu nauyi. Tafin hannun Urabe ya riga kowa sani. Ya ƙara zare auduga, ya ƙara ɗaga murya, domin abin da aka koya masa ke nan. Kafin wasan da zai raba gardamar kakar wasan, koci ya ja shi gefe.

"Yaya ka gan shi?"

Urabe ya tuna bangon da ya gabace shi, wanda ya taɓa cewa jifan Nabeshima ya sauka, washegari aka mayar da shi wankin kaya. Ga 'yarsa tana shirin shiga jami'a.

"Lafiya lau yake."

Ba a je ko'ina ba aka watsa Nabeshima. Kowace ƙwallo ya jefa sai an make ta ta haye katanga. A ɗakin sauya kaya ya ɗauki safar Urabe, ya zura hannu, ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Ku duba. Babu komai a ciki. Ashe ganga kake kaɗa mini, tsoho? Rawa ka ga ina yi?"

'Yan wasan suka yi dariya, har da waɗanda ke roƙon Urabe ya ƙara musu ƙarar. Koci ya dubi takalminsa.

Ƙarshen kakar wasa Nabeshima ya yi ritaya, aka shirya masa wasan bankwana bisa al'ada. Ya jefa ƙwallaye marasa ƙarfi, mai bugu na ɗaya ƙungiyar ya kaɗa sanda a iska da gangan, alƙali ya ɗaga hannu alamar an fitar da mai bugun, filin ya ɗauki kuka. Nabeshima ya rungumi mai bugun, ya gode wa alƙali, ya gode wa koci, aka cika masa hannu da furanni.

Urabe yana tsaye a bakin rumfa lokacin da koci ya zo ya tsaya kusa da shi, bai dube shi ba.

"Baɗi ba za mu buƙace ka ba, Urabe. Shugabanni sun ce ba sa son mai ɓoye gaskiya."

"Na gane. Na gode da ɗawainiya."

"Bar safar a nan. Ta ƙungiya ce."