Ranar da Kekuna Suka Ratsa Ƙauyen Madam

Tun ranar da na kama aiki a gidan Madam a unguwar Mohandessin na gindaya mata sharaɗi: shara, wanki, girki, har yankan farce duk zan yi, amma kwalbar giya hannuna ba zai taɓa ba. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Tamam," wato ta yarda. Da Larabcin Masar muke magana, nata a karye nawa a karye. Bafaranshiya ce, tsohuwa, ta auri wani likita Bamisire tun tana budurwa, ya rasu ya bar ta ita kaɗai a hawa na shida. Ni kuwa maigidana karatu ya kawo shi Alƙahira, kuma aikin nan shi ke riƙe da ɗakinmu na haya a unguwar Ard al-Liwa.

Duk shekara lafiya lau muke, sai watan Yuli. A watan ne ake tseren keken da ke zagaya ƙasarsu har mako uku, Madam kuma ba ta ɗauke shi wasa ba. Kowace rana sai ta duba yankin da masu tseren za su ratsa, ta ɗauko giyar inabin wannan yanki. In duwatsu za su hau, fara ce mai sanyi da ɗan cuku. In sun gangara kudu bakin teku, wata ce ja-ja mai haske. Duk baƙon da zai zo daga can sai ta ɗora masa kwalba, ta jera su a kabad tana jiran Yuli. Rabin kofi take sha, sauran ta yi ta shanshana kamar mai zaɓen turare a kasuwa.

Ni dariya abin ke ba ni. Ƙattin maza da matsattsen wando suna ta haki a kan keke, a garinmu ko ɗan aike ya fi su natsuwa. Amma ina guga ina satar kallon talabijin, har na soma gane mai rigar rawaya shi ne a gaba.

A shekara ta uku hannuwanta suka lalace da ciwon gaɓoɓi. A shekarar kuma aka ce tseren zai bi ta ƙauyen da aka haife ta, wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Gidansu ma 'yan'uwa sun sayar, ba ta san wa ke ciki ba. Ta yi ta zumuɗi, ta fito da wata baƙar kwalba da ta ce daga gonakin bayan gidansu aka matso ta.

Ranar, kekuna na matsowa, ta murɗa ƙarfen zare toshiyar kwalbar ya shige, amma jan ya gagara. Ta ja, ta huta, ta sake ja.

"Ya binti, 'yata, zo ki ja mini wannan."

"Madam, kin san maganarmu."

"Ba sha na ce ki yi ba. Ja kawai, yalla, maza!"

"Ma'alish, yi haƙuri Madam. Ba zan iya ba."

Fuskarta ta yi ja. Ta ce shekara uku tana ɗaukata kamar 'ya, ta ce masu neman aiki sun cika titi. Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san abin da zan tarar a gida in na koma hannu rabbana. Tausayinta ma ya kama ni sosai. Sai dai magana zarar bunu ce, tawa kuwa ta riga ta fita tun ranar farko. Na tsaya riƙe da dutsen guga ban motsa ba.

Ta matse kwalbar tsakanin gwiwoyinta, ta sunkuya tana kokawa da ita. Ni da nake tsaye, idona na kan talabijin. Jirgi mai saukar ungulu ya nuno wani ƙauye daga sama, sunan da ta yi mako tana maimaitawa ya fito a ƙasan hoton. Na ce, "Madam! Madam, ga shi!" Kafin ta ɗago ta gyara tabarau, kekuna sun fice, sai titi da itatuwa.

Na ce jikanta da ke can ƙasarsu zai iya turo mata bidiyon a waya. Ta ce ita ba ta cin ɗumame. Na kashe dutsen guga, na ɗauko mayafina, don na ɗauka zamana ya ƙare.

"Ina za ki? Zauna. Ke kika gani, ke za ki faɗa."

Na zauna a bakin kujera. Na ce na ga coci mai tsinin rufi, da gonakin inabi kunya-kunya sun hau tudu kamar an taje su. Na ga gada ta dutse a kan ɗan rafi.

"Bayan gadar fa? Hannun hagu?"

"Gida mai tagogi shuɗɗa."

"Kore ne."

"To an sake fenti, Madam. Shuɗi na gani."

Ta ajiye kwalbar a ƙasa, ƙarfen na soke a bakinta. "A rufe yake?"

"A buɗe. An shanya kayan yara a igiya, wata mata na tsaye a ƙofa da jariri tana ɗaga wa kekuna hannu."

Ta rufe ido ta daɗe, hawaye na bin kumatunta. Ni ma na share nawa, amma ko yau aka maimaita ba zan ja toshiyar nan ba.

"Taurin kai gare ki kamar uwata," in ji ta. "Gobe duwatsu za su hau. Ki zo da wuri, ki bar gugar nan, ki zauna kusa da ni."