Cikin da Ya Yi Barci

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ni ce mace mafi ƙiba a layin masu albasa na kasuwar Yendi. Ba yabon kai ba ne, direbobin motar Bawku shaida ne, domin in na je sari sai sun yi ta tsiya kan wanda zai zauna kusa da ni. Ana nan likita ya ce ina da ciwon sukari da hawan jini, in zaɓa tsakanin malmalar tuwo uku da ganin jikokina. Na rage ci, na daina hawa babur ɗin maigidana, kullum da ƙafa nake zuwa kasuwa. Cikin shekara biyu na zube har wasu suka fara gaishe ni da "ya jiki" ba tare da na ce ba ni da lafiya ba.

Kitsen ya tafi, amma fatar ta ƙi bin sa. Ta zubo daga cikina ta kwanta a kan cinyoyina, sai na tattare ta da hannu kafin in ɗaura zane. Lokacin zafi ƙarƙashinta ya riƙa saɓulewa yana wari, na yi hoda, na yi tsumma, duk a banza. Da cibiyata ma ta fara ɓullowa, likitan ya tura ni wani asibiti a Kumasi, aka ce za a gyara cibiyar a yanke fatar a lokaci guda.

Ni dai a zatona zan farka in ga cikin 'yar shekara ashirin. Na farka na ga ɗinki daga wannan ƙugu zuwa wancan, da siraran robobi biyu suna tsiyayar da ruwa cikin kwalba, ga ciki ya kumbura an naɗe shi tam. Kwana goma ina tafiya a duƙe kamar mai ruku'u, salla a zaune, tari kuwa sai na rungume matashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in na taɓa ƙasan cibiyata ba na jin komai, hannuna ne kawai ya san ya taɓa wani abu.

Ranar sallama wata nas, mai irin Hausar zongo, ta tsaya a kaina tana kaɗa yatsa, ta kira ni yadda suke kiran uwa a can. "Maame, ciki naka ya yi barci. Wata da yawa ba ya tashi. Ruwa zafi, a'a. Ka ji ko?" Na ce na ji. Har dariyar Hausarta na yi a zuciyata.

Daga can ban wuce gida ba, na tsallaka ruwa a Yeji na sauka Salaga wurin mahaifiyata don in yi jinya. A unguwarmu ita ce mai wankan jego. Duk wadda ta haihu, ita ake kira ta dafa ruwa da ganye, ta tsoma tsumma ta gasa wa mai jego ciki har ya koma. Haihuwata biyar duk ita ta yi mini, kuma duk biyar ɗin maƙwabta sun ji ihuna.

Ta duba kumburin ta girgiza kai. Ni ce 'yar farinta, ba ta faɗin sunana, sai "ke".

"Ke, wannan cikin ruwan zafi yake so."

"Mma, nas ta hana."

"Ita nas ɗin haihuwa nawa ta yi?"

Gaskiya ban nemi amsar ba, don ni ma kumburin ya ishe ni, ina so in koma Yendi a ga abin da na je yi. Na ce a raina ɗinki ya kama, me ruwa zai yi masa.

Washegari da hantsi ta kai ni bayan ɗaki ta zaunar da ni kan kujerar tsuguno. Ta tsoma tsumma, ta matse, ta ɗora a ƙasan cibiyata. Na jira zafin da na sani, shiru. Sai baki ya ɗebe ni.

"Mma, yau dai hannunki ya yi sanyi. Ko tsufa ne?"

"Ruwan ne ya huce," in ji ta. Ta tashi ta ɗebo tafasasshe daga kan murhu ta ƙara. Ta sake ɗorawa ta danna, ni kuwa ina ta ba ta labarin farashin albasa. A karo na uku ta ɗaga tsumman, sai na ga ta tsaya cak. Na leƙa. Wani wuri kamar faɗin tafin hannu ya yi fari fat, fatar ta tattare tana shirin tashi.

Ta tsoma yatsa cikin ruwan ta fizge da sauri.

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji ba, Mma."

A asibiti aka ce ƙunar ta yi zurfi, kuma fatar da aka ja aka ɗinke jini bai gama komawa cikinta ba, tana iya mutuwa a sake yanka. Mai wanke ciwon ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Na buɗe baki zan ce ni ce, mahaifiyata ta riga ni. "Ni ce," ta ce. Wata biyu muna zuwa wanki kafin wurin ya rufe. Allah ya taimaka ba a sake yanka ba, sai tabo.

Tun daga ranar ta daina wankan jego. Mata su aiko, ta ce ba ta jin daɗi. Na yi mata magana, na ce laifina ne, an gaya mini na ƙi ji. Ta ce, "Shekara arba'in ihun mai jego ne ma'aunina. Ranar da ba a yi ihu ba na ƙona 'yata." Wannan magana ta fi ƙunar yi mini ciwo.

Bayan na koma Yendi, duk zuwan da na yi Salaga, kafin mu gama gaisawa sai ta kai hannu ta mintsine ni ta saman zane. "Kina ji?" In ce a'a, ta kau da kai ta tambayi yara. Sau ɗaya na yi ƙarya na ce ina ji, ta ce in rufe ido in nuna wurin, na nuna wani wuri daban.

Yanzu in mace ta zo tana tambayata game da wannan aiki na yanke fata, ina gaya mata gaskiya: warin ya tafi, zane yana zama, ina sujada ba na tattare komai. Amma akwai tabo mai tsawo, akwai kumburi na watanni, kuma cikin zai daɗe ba ya jin komai, ta kiyaye shi daga duk wani mai ƙaunarta da ke riƙe da ruwan zafi. Ta kuma saurari nas ko da Hausarta ta karkace.

Nawa cikin sai bayan shekara ɗaya da wani abu ya farka. Na je Salaga bayan babbar salla, ta mintsine ni kamar kullum, sai na ji na zabura na ce, "Wayyo, Mma!" Ta sake mintsina, da ƙarfi wannan karon, na sake ihu har kaji suka watse. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta, ta ce a gaya wa yarinyar nan da ta haihu shekaranjiya ta sa a ɗora ruwa, tana zuwa.